Gidan Bayan Gari da Bashin Shekara Talatin: Tarihin Levittown da Mas'alar Riba ga Musulmin Amurka

Gabatarwa

A watan Rajab na shekarar 1420 bayan Hijira, daidai da Oktoban 1999, Majalisar Fatawa da Bincike ta Turai ta yi zamanta na huɗu a birnin Dablin, ta fitar da fatawar da har yau ba a gama muhawara a kanta ba. Fatawar ta halatta wa Musulmin da ke zaune a ƙasashen Yamma ya sayi gidan da zai zauna da iyalinsa da bashin banki mai kuɗin ruwa, idan ba shi da wata hanya. Ɗaliban ilimi da yawa sun san wannan fatawa, sun san raddin da aka yi mata, amma kaɗan ne suka san gidan da ake magana a kansa da kasuwar da ake sayar da shi a cikinta. Malaman usulu kuwa sun daɗe da tabbatar da cewa ba a hukunta abu sai an fahimci surarsa. Saboda haka wannan maƙala ta ɗauki gari guda a Amurka, wato Levittown, domin a can ne aka fara haɗa gidan bayan gari da bashin shekaru masu yawa a irin siffar da ta bazu daga baya, sannan ta bi yadda al'amarin ya iso gaban malaman fiƙihu.

Akwai wata matsalar lafazi da ya kamata a kawar tun da wuri. A Hausa kalmar riba tana nufin abin da ɗan kasuwa ya samu a kan uwar kuɗinsa, tana kuma nufin ƙarin da shari'a ta haramta. A nan, duk inda aka ce riba kawai, haramtacciyar ake nufi. Halastacciyar za a kira ta ribar ciniki. Abin da banki ke ɗorawa a kan bashi kuma kuɗin ruwa.

Bashin gida kafin shekarun 1930

Wanda ya ga Amurka ta yau zai zaci bashin gida na shekara talatin tsohon abu ne a wurinsu, alhali ƙirƙirar gwamnati ne, bai kai shekara ɗari ba. Kafin shekarun 1930, mai son gida yakan biya kusan rabin kuɗinsa hannu da hannu, ya karɓi sauran a matsayin bashin shekara biyar zuwa goma. Sau da yawa kuɗin ruwa kawai yake biya a tsawon wannan lokaci, uwar kuɗin kuma tana jiransa a dunƙule ranar cikar wa'adi. Idan ranar ta zo bai da ita, sai ya nemi a sabunta masa yarjejeniya. Da tattalin arziki ya durƙushe bayan 1929, bankuna suka daina sabuntawa, ma'aikata suka rasa aikin yi, farashin gidaje ya faɗi. A farkon 1933 an kai ana ƙwace gidaje kusan dubu a kowace rana.

Gwamnatin shugaba Franklin Roosevelt ta shiga kasuwar da kanta. A 1933 ta kafa hukumar da aka sani da HOLC, wadda ta sayi basussukan da suka gagari masu su, ta mayar da su bashin da ake biya kaɗan-kaɗan a shekaru masu yawa. A 1934 aka kafa hukumar gidaje ta tarayya, FHA. Ita ba ta ba da bashi. Aikinta shi ne ta tsaya wa banki, ta yi masa alkawarin cewa idan mai gida ya kasa biya, ita za ta cike gurbin. Da wannan lamuni bankuna suka yarda su rage kuɗin kafin alƙalami, su kuma tsawaita wa'adi, da farko zuwa shekara 20, daga baya 25, har ya kai 30. A 1938 aka ƙara da Fannie Mae, wadda ke sayen basussukan gidaje daga bankuna domin su sami kuɗin ba wasu. Wannan mataki na ƙarshe ya cancanci mai nazarin fiƙihu ya riƙe shi, domin sayar da bashi ne, kuma zai sake bayyana a gaba. A 1944 dokar tallafa wa sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu ta ba tsohon soja damar sayen gida ba tare da ya ajiye komai ba, ko ya ajiye ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Gonar dankali a Long Island

Yaƙi ya ƙare a 1945, miliyoyin samari suka dawo, suka yi aure, suka haihu, babu gidajen zama. An shafe shekaru goma sha biyar ba a yi gini mai yawa ba, saboda talauci da farko, sannan saboda yaƙi. Ma'aurata suka cunkushe a ɗakunan iyayensu.

Wani magini mai suna Abraham Levitt da 'ya'yansa biyu, William da Alfred, sun sayi gonakin dankali a gundumar Nassau da ke tsibirin Long Island, gabas da birnin Niyok, a wani wuri da ake kira Island Trees. William ya yi aiki da rundunar gine-gine ta sojojin ruwa a lokacin yaƙi, a can ya ƙware wajen gini cikin gaggawa. Abin da ya yi shi ne ya ɗauko tsarin masana'antar mota ya juya shi. A masana'anta mota ce ke tafiya, ma'aikaci yana tsaye. A filin Levitt gida ne ke tsaye, ma'aikata ke tafiya. Ya kasa aikin gini zuwa matakai 27, kowace ƙungiya da nata: wannan ta zuba daɓen kankare ta wuce gida na gaba, waccan ta kafa katakon bango, wata ta yi rufi, wata fenti. Katakon ma a yanke yake isowa, daidai da awon kowane gida. A lokacin da aikin ya kankama an riƙa kammala gidaje kusan talatin a rana. Iyalai na farko sun tare a watan Oktoban 1947, kuma zuwa 1951 an gina gidaje 17,447.

Gidan ƙarami ne: ɗakin kwana biyu, falo, kicin da banɗaki, da wani sarari a ƙarƙashin rufi da mai gida zai iya mayarwa ɗaki idan iyali suka ƙaru. Filinsa ƙafa 60 ne a faɗi, 100 a tsawo. Ana shiga a tarar da firiji da murhu da injin wanki. Da farko haya aka bayar, dala 60 a wata. Daga 1949 aka koma sayarwa, sabon samfurin gidan a kan dala 7,990. Abin da mai saye zai riƙa biya a wata bai wuce kuɗin hayar da aka saba ba, kuma ya yi ƙasa da hayar ɗaki a cikin birni. A nan ne lissafin talakan Amurka ya juya: sayen gida da bashi ya fi haya sauƙi.

Kamfanin ya gindaya dokoki. Dole a yanke ciyawar ƙofar gida kowane mako, ba a shanya wanki a waje ranakun hutun ƙarshen mako, kuma ba a kewaye gida da katanga. Mai karatun da ya tashi a gida mai zaure da tsakar gida zai lura cewa wannan gini bai san sitirar iyali ba yadda shari'a da al'adar ƙasashen Musulmi suka san ta. A samfurin farko tagar falo tana kallon titi, bayan gidan kuma a buɗe yake ga maƙwabta. Wannan wata mas'ala ce dabam, amma tana daga cikin abin da Musulmin da ya zo daga baya ya tarar.

Sharaɗin launin fata

Akwai wani sharaɗi da ya fi waɗancan nauyi. Takardun Levitt na farko sun hana duk wanda ba farar fata ba zama a gidajen, sai dai idan ɗan aiki ne. Ba Levitt ne ya ƙago wannan ba. Littafin ƙa'idojin hukumar FHA da kansa ya ɗauki cakuɗuwar launin fata a unguwa a matsayin abin da ke karya darajar gida, ya kuma ƙarfafa sanya irin wannan sharaɗi. Ita ma HOLC ta zana taswirar birane fiye da ɗari biyu, ta kasa unguwanni gida huɗu da launuka, kore da shuɗi da rawaya da ja, unguwannin baƙar fata kuma kusan koyaushe a ja suke faɗawa, alamar haɗari ga mai ba da bashi. Masana tarihi suna da saɓani a kan girman tasirin taswirorin su kansu, amma ba su da saɓani a kan sakamakon manufar: kuɗin da gwamnati ta lamunce sun kwarara zuwa sababbin unguwannin fararen fata a bayan gari, tsofaffin unguwannin cikin birni suka bushe.

A 1948 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Shelley da Kraemer, ta yanke cewa kotuna ba za su tilasta irin wannan sharaɗi ba. Levitt ya cire shi daga takarda, ya ci gaba da aiki da shi a ofishin sayarwa, yana kafa hujja da cewa fararen fata ba za su saya ba idan ya buɗe ƙofa. A watan Agustan 1957, William Myers, tsohon soja baƙar fata, da matarsa Daisy suka sayi gida daga hannun wani mai shi a Levittown ta biyu da ke jihar Pensilbaniya. Taron jama'a ya yi ta cincirindo a ƙofarsu ana jifa da duwatsu, har sai da 'yan sandan jiha suka shigo. Sai a 1968 aka yi dokar tarayya da ta haramta wariya a sayar da gida ko ba da hayarsa.

Ta fuskar fiƙihu, Malikiyya suna ɓata cinikin da aka gindaya wa sharaɗin da ke ƙuntata wa mai saye tasarrufi a cikin abin da ya mallaka, kamar a ce kada ya sayar sam, ko kada ya sayar sai ga wasu 'yan tsiraru, ko da yake sun yi sassauci idan ƙuntatawar kaɗan ce, kamar hana sayarwa ga mutum guda. Sharaɗin Levitt ya haɗa ƙuntatawa da zalunci, kuma bai da alaƙa da haƙƙin shuf'a, wanda aka shar'anta domin kare abokin tarayya daga cutarwa, ba domin ware wani jinsi ba. Abin lura ga tarihin Musulunci a Amurka shi ne, mafi yawan waɗanda suka karɓi sunan Musulunci a manyan biranen ƙasar a waɗannan shekaru baƙaƙen fata ne. Su ba riba ce ta fara tsare su daga gidan bayan gari ba. Ba a ma ba su damar fuskantar tambayar ba.

Yadda gida ya zama dukiya

A 1940 kusan kashi 44 cikin ɗari na iyalan Amurka ne ke zaune a gidan kansu. Zuwa 1960 sun kai kusan kashi 62. Dokar manyan hanyoyi ta 1956 ta sa mutum ya iya kwana a bayan gari ya yi aiki a birni. Amma abin da ya fi muhimmanci ga mufti shi ne yadda aka ɗaure sauran al'amuran rayuwa a jikin mallakar gida. Makarantun gwamnati a Amurka suna samun kaso mai yawa na kuɗinsu daga harajin gidajen yankinsu, yaro kuma makarantar yankin da iyayensa ke zaune yake shiga. Saboda haka unguwa mai tsadar gidaje takan sami makaranta mai kyau, makaranta mai kyau kuma ta ƙara wa gidajen tsada. Dokar haraji ta ba mai gida damar cire kuɗin ruwan da ya biya daga kuɗin shigarsa kafin a yanka masa haraji, alhali mai haya ba shi da irin wannan rangwame a harajin tarayya. Dokokin tsara gari a yawancin unguwannin bayan gari sun hana gina komai sai gidan iyali guda a kan fili guda, abin da ya sa gidajen haya suka yi ƙaranci a wuraren da iyali suka fi so. Gidan da aka sayar ƙasa da dala dubu takwas a Levittown, yau farashin irinsa ya haura dala dubu ɗari biyar, kuma wannan ƙari shi ne gadon da 'ya'yan waɗancan sojoji suka ci. Wanda aka hana shiga a 1949 an hana jikokinsa wannan gado.

Surar bashin kuwa a sarari take. A ɗauka mutum ya karɓi dala 300,000 a kan kuɗin ruwa kashi 6 cikin ɗari na shekara 30. Zai riƙa biyan kusan dala 1,799 a wata. A watan farko, dala 1,500 daga ciki kuɗin ruwa ne, kusan dala 299 kacal ke rage uwar bashi. Bayan shekara goma yana biya, ana binsa kusan dala 251,000. Idan ya kai ƙarshe, jimillar abin da ya biya ta kai kusan dala 647,500. Jinginar gidan ita kanta ba matsala ba ce, domin Alƙur'ani ya ambaci jingina a ƙarshen Suratul Baƙara, kuma ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude a kan sha'ir. Matsalar ita ce ƙarin da aka shardanta a kan bashi saboda jinkiri, wanda shi ne ribar bashi da ayoyin wannan sura suka yi tsanani a kanta.

Zuwan Musulmi da fatawar Dablin

Dokar shige da fice ta 1965 ta soke tsarin da ya fifita Turawan arewacin Turai, sai likitoci da injiniyoyi da ɗalibai suka shigo daga Pakistan da Indiya da ƙasashen Larabawa, daga baya kuma daga Afirka. Waɗannan masu albashi ne, kuma bayan gari suka nufa. Cibiyar Musulunci ta Long Island tana garin Westbury ne, tafiyar 'yan mintoci a mota daga Levittown. Sun iso lokacin da kuɗin ruwa ke hawa. A 1981 na bashin gida ya haura kashi 18 cikin ɗari. Wasu suka karɓi bashin suna istigfari, wasu suka zauna a haya shekara ashirin, wasu suka haɗa kuɗi tsakaninsu. A farkon shekarun 1980 Musulmin Toronto a Kanada suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa ta gidaje, wadda ke sayen gida da kuɗin mambobi, mai zama ya riƙa biyan haya yana sayen hannun jarin sauran. Tsari ne mai tsabta, sai dai kuɗin mambobi ba su da yawa, layin jira kuma yana da tsawo.

Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na shida a Jidda cikin Sha'aban 1410, wato Maris 1990, ta tabbatar da cewa muhalli yana daga cikin buƙatun asali na ɗan Adam, amma ta haramta samar da shi ta bashin riba, ta nuna hanyoyin da suka halatta: bashin gwamnati marar ƙari, sayarwa a biya kashi-kashi, da kwangilar istisna'i. Duk waɗannan suna buƙatar gwamnati ko attajirin da zai ɗauki nauyi, Musulmin Niyok kuwa ba shi da ko ɗaya a lokacin.

A cikin wannan hali ne fatawar Dablin ta fito, ƙarƙashin shugabancin Shaihu Yusuf al-Ƙaradawi, wanda ya bayyana cewa shi kansa ya daɗe yana fatawa da haramci kafin ya sauya, kuma Shaihu Mustafa az-Zarƙa ya riga shi zuwa ga sassaucin. Majalisar ta fara da jaddada haramcin riba, ta yi kira da a samar da madadi, sannan ta halatta bisa sharuɗɗa: gidan ya zama na zama, mai saye ba shi da wani gidan da zai ishe shi, kuma ba shi da rarar kuɗin da zai saya ba tare da bashi ba. Ta dogara da ginshiƙai biyu. Na farko shi ne buƙata takan hau matsayin larura, tare da cewa cin riba an haramta shi ne don kansa, bayar da ita kuwa an haramta ta ne don toshe ƙofa, abin da aka haramta don toshe ƙofa kuma buƙata tana halatta shi. Na biyu shi ne ra'ayin Imamu Abu Hanifa da almajirinsa Muhammadu ash-Shaibani na halatta irin waɗannan ƙulle-ƙulle tsakanin Musulmi da wanda ba Musulmi ba a wajen ƙasar Musulunci.

Ginshiƙi na biyu shi ne mafi rauni. Abu Yusuf ya saɓa wa malaminsa a kansa, jamhurin malamai, har da Malikiyya, ba su karɓe shi ba, ruwayar da aka jingina shi da ita kuma mursal ce daga Makhul, wadda Imamu Shafi'i bai ga ta tabbata ba. Bugu da ƙari, Ibnul Humam ya nuna cewa malaman mazhabar suna nufin inda ƙarin zai faɗa hannun Musulmi ne, a bashin gida kuwa Musulmi ne mai bayarwa. Dakta Salah as-Sawi ya yi raddi mai tsawo a kan waɗannan gaɓoɓi, ya ƙara da cewa haya tana kawar da larura, tunda mai haya ba a titi yake kwana ba. Wannan magana daidai ce idan larura ake nufi da ma'anarta ta tsoron halaka. Sai dai masu raddi sukan yi saurin wuce ginshiƙi na farko, kamar dai haya da mallaka abu ɗaya ne da ya bambanta a suna. Tarihin da ya gabata ya nuna cewa an gina kasuwar ne da gangan domin ta fifita mai mallaka a haraji da makaranta da gado, kuma mai 'ya'ya biyar ko shida yakan sha wuya kafin ya sami gidan hayar da zai ɗauke shi. Buƙatar gaskiya ce. Inda gardama ta tsaya shi ne ko ta kai ta buɗe ƙofar da nassi ya la'anci mai bayarwa a cikinta tare da mai karɓa, kuma wasu mambobin majalisar kanta ba su yarda ta kai ba.

Kamfanonin Musulunci da tambayar lamuni

Fatawar ta rataya ne a kan rashin madadi, madadin kuma yana tafe. A 1987 Dakta Yahya Abdurrahman ya kafa kamfanin LARIBA a Pasadena ta jihar Kalifoniya. A 1997 hukumar da ke sa ido a kan bankunan tarayya ta amince wa reshen wani bankin Kuwait a Niyok ya sayar da gida ta hanyar ijara, a 1999 ta amince da murabaha. A 2001 Freddie Mac, takwarar Fannie Mae da aka kafa a 1970, ta fara zuba kuɗi a irin waɗannan yarjejeniyoyi, a 2002 kuma kamfanin Guidance Residential ya fara aiki da tsarin musharaka mai raguwa, da kwamitin shari'a ƙarƙashin Mufti Muhammad Taƙi Usmani. A wannan tsari kamfani da mai saye suna tarayya a gidan, mai saye yana biyan kuɗin amfani da kason kamfani, yana kuma sayen kason kaɗan-kaɗan har ya mallake duka.

Majalisar Fiƙihu ta duba wannan tsari a zamanta na Maskat a Muharram 1425, wato Maris 2004, ta halatta shi da ƙa'idoji. Daga ciki akwai cewa kada ɗaya ya ɗaure kansa da sayen kason ɗaya a kan farashin ranar da aka ƙulla tarayya, domin hakan lamunce masa uwar kuɗinsa ne. A sayar a kan farashin kasuwa na ranar sayarwa ko abin da suka daidaita a kai a ranar. Kuma kada a ɗora wa ɗaya shi kaɗai kuɗin inshora da gyara. A nan ne aka sami tazara tsakanin takardar majalisa da kasuwar Amurka. Freddie Mac tana son kuɗin da ke shigowa a ƙayyade, irin na bashi. Hukumomi sun amince da ijara da murabaha ne bisa hujjar cewa a ma'anar tattalin arziki daidai suke da bashi mai jingina. Mai saye kansa yana son a rubuta abin da ya biya a takardar haraji da sunan kuɗin ruwa domin ya ci rangwame, kuma yana son duk ƙarin darajar gidan ya zama nasa shi kaɗai. Ƙa'idar shari'a kuwa ita ce amfani yana tare da ɗaukar lamunin hasara. Wanda bai ɗauki hasara ba, da me ya cancanci ribar ciniki? Sannan idan murabaha ce, abin da kamfani zai miƙa wa Freddie Mac bashi ne, sayar da bashin kuɗi da kuɗi ba daidai wa daida ba kuma jamhuri sun hana. Idan musharaka ce ko ijara, abin da ake miƙawa kaso ne na gida, wanda ya fi sauƙi. Auna farashi da ma'aunin kuɗin ruwan kasuwa shi kaɗai ba ya ɓata ciniki a wurin mafi yawan malaman zamani, amma yana nuna wanda ke riƙe da akalar.

Shekarar 2008 ta gwada kowa. Bankuna sun yi shekaru suna ba da bashin gida ga waɗanda ba za su iya biya ba, suna dunƙule basussukan suna sayar wa duniya a matsayin takardun jari. Farashin gidaje ya faɗi da fiye da kashi ɗaya bisa huɗu a faɗin ƙasar, miliyoyin iyalai suka rasa gidajensu, a watan Satumba gwamnati ta karɓe ragamar Fannie Mae da Freddie Mac, bankin Lehman Brothers ya rushe. An yi ta rubutu a lokacin cewa da an bi shari'a da hakan bai faru ba, kuma game da sayar da bashi a kan bashi maganar tana da ƙarfi. Amma Musulmin da ya sayi gida ta hannun kamfanin Musulunci a 2006 shi ma ya wayi gari darajar gidansa ta yi ƙasa da abin da ya rage masa ya biya, tambayar da ke gabansa kuma ita ce ko abokin tarayyarsa zai raba wannan faɗuwa da shi. A 2014 Majalisar Malaman Fiƙihu ta Amurka ta bi yarjejeniyoyin kamfanonin ɗaya bayan ɗaya, ba ta yi musu kuɗin goro ba: ta halatta wasu, ta halatta wasu ga mai buƙata ko mai matsananciyar buƙata kawai, ta ga wasu ba su bambanta da bashin riba ba sai a suna.

Wannan tsari na Amurka bai tsaya a Amurka ba. A Nijeriya dokar asusun gidaje na ƙasa ta 1992 ta tanadi a cire kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashin ma'aikaci a zuba a asusun da Bankin Jinginar Gidaje na Tarayya ke kula da shi, wanda ke ba da bashin gida a kan kuɗin ruwa kashi 6 cikin ɗari har zuwa shekara 30. A 2013 aka yi rajistar kamfanin da zai riƙa sake samar wa bankuna kuɗi a kan basussukan gidajensu, aiki makamancin na Fannie Mae. Akan ji ma'aikaci a Kano ko Kaduna yana kafa hujja da fatawar Dablin domin karɓar wannan bashi. Fatawar kuwa an yi ta ne ga 'yan tsiraru a ƙasar da ba ta Musulmi ba, inda babu madadi, a kasuwar da haya ke tauye wa yaro makaranta. Ginshiƙinta na Hanafiyya an kafa shi ne a kan ƙulle-ƙulle tsakanin Musulmi da wanda ba Musulmi ba, bankin da ba ya mu'amala da kuɗin ruwa ya fara aiki a ƙasar tun 2012, kuma yawancin masu gidaje a waɗannan garuruwa fili suka saya suka riƙa ɗora bulo shekara bayan shekara har suka tare.